Dakan Dare: Tarihin Tausayi a Shekarun Yunwa



Ran da aka ce kowa ya kawo rubutu a kan tarihi don wannan ɗan littafi namu, abin da ya fara faɗo mini a rai kaburbura biyun nan ne na Maijirgi. Mu ƴan Korgom maƙwabtanmu ne, kuma da wuya ka samu wanda ya yi lakwal a ƙasar Tasawa bai ji labarin ba. A shekarar 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratso ƙasar Hausa da runduna za su tafkin Cadi, suna ƙone garuruwa suna karkashe mutane. Birnin Konni ta ga tashin hankali a watan Mayu. Da labarin ɓarnar ya kai Faransa, aka turo wani babban soja mai suna Klobb ya tsayar da su, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu, suka kashe su su biyun. Kaburburan na nan har yau.

Har na fara rubutu, sai na ajiye biro. Wannan labari an riga an rubuta shi a littattafai, har fim an yi. Amma mutanen da suka tsere daga garuruwan da aka ƙone, da goyo a baya, ƙafa ba takalmi, ina suka kwana? Wa ya dama musu hura? Tabbas wani ya yi, tunda jikokinsu na nan, wataƙila ma muna aji ɗaya da wasunsu. Sai dai ba wanda ya rubuta sunansa. Shi ya sa na ce bari in bi sawun tausayi a tarihin ƙasarmu, in ga yadda kakanninmu suka tsara shi, da inda ya riƙe, da inda ya tsinke. Wurin nemansa kuwa shekarun yunwa, don lokacin ƙoshi kowa mutumin kirki ne.

Abin da zan faɗa, wani karanta shi na yi, musamman a littafin malamin tarihin nan na ƙasarmu, Boureima Alpha Gado, wanda ya fito a 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel. Wani kuma daga bakin kakata na ji shi, mahaifiyar babana, wadda muke ce wa Iya, a hutun da ya wuce. Akwai kuma abin da ya shafe ni ni kaina, zan zo gare shi.

Yadda aka ɗaure shi tun asali

A ajin filo mushe ya karantar da mu Rousseau, wanda ya rubuta a 1755 cewa tausayi halitta ce a zuciyar ɗan Adam, yana zuwa tun kafin tunani: ka ga wani na shan wahala, cikinka ya juya. Na yarda da shi. Amma da na zauna da tsofaffi sai na lura kakanninmu ba su dogara da juyawar ciki kaɗai ba. Sun san zuciya tana da ranar da take tashi da taurin kai, saboda haka suka ɗaure tausayi da ƙa'ida, yadda ko marowaci zai rasa hanyar zillewa.

Ku duba zakka. Manomi ya ɗaure hatsinsa, dami ɗaya cikin goma ba nasa ba ne, kuma a fili ake fitar da shi, ido na ganin ido. Ku duba gayya: wanda ciwo ya kwantar, ko matar da miji ya rasu ya bari da marayu, samari su taru su nome gonar a wuni ɗaya, ladansu hura da goro. A cikin gida akwai gandu, gonar kowa da kowa a hannun maigida, akwai kuma gamana, ɗan filin da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. A gidaje da yawa ana rufe rumbun gandu bayan kaka, sai damina ta faɗi a buɗe, don masu noma su samu ƙarfin riƙe hauya. Tsakanin nan hatsin gamana ke riƙe yara. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa.

Mata na da biki: abin da kika kai wa ƙawarki ran suna ko aure, za ta maido miki har da ƙari ran naki. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya daɗe a ƙasar Maraɗi yana nazarin irin wannan kyauta, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san abin da ya gano: kyauta a wurinmu ajiya ce a hannun mutane. Fulani na da habbanaye: ka ba ɗan uwanka da ya rasa dabba aron saniya, ya sha nono, ta haifa masa maruƙa ya riƙe, ya maido maka uwar. Matanmu na yin kusan haka da akuya, su ce an ba da kiwo.

Wanda ya fi burge ni duka shi ne ciyayya. Bayan magariba kowane gida na unguwa ya fito da akushi ƙofar gida, maza su zauna su ci tare. A duhu ake ci, an jera kwanuka, hannu na shiga ko'ina. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba yau, shi ma ya wanke hannu ya zauna, ba mai ce masa ina naka. Ya ƙoshi, kuma bai roƙi kowa ba. Ni a ganina wanda ya ƙago ciyayya ya fahimci ɗan Adam fiye da littattafai da yawa, don ya gane yunwa biyu ce ke cin matalauci, ta ciki da ta kunya.

Kakalaba da rumbun Bature

To amma duk wannan tsari an gina shi ne a kan cewa in wani ya rasa, wani ya samu. Ran da kowa ya rasa fa?

Damina ta ƙi a 1913. Yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. Lokacin Nijar ƙasar mulkin soja ce ta Faransa, hedikwata a Damagaram, kuma an riga an ɗora wa mutane haraji. A da sarki na karɓar hatsi ya tara a rumbunansa, kuma talaka na da hujjar zuwa ƙofar fada ran wuya. Harajin Bature kuwa ba ya komawa rumbun kowa a gari. Mutane suka yi ta kwarara kudu, Katsina da Kano, da yawa suka mutu a hanya. An ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. An ci ganyen jiga da tafasa da ƙarangiya. An tona gidan tururuwa don ƙwace ƴan ƙwayoyin da ta tara. Iya ta ce kakarta ta gaya mata a shekarar wasu sun ba da ƴaƴansu ga masu hali, don dai yaron ya rayu a gidan wani. Ku ce mini wannan rashin tausayi ne ko ƙarshen tausayi? Ni na kasa yanke hukunci.

A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar, ƙasar Zabarmawa, aka yi mummunar yunwa, ana kuma ci gaba da karɓar haraji. Bayan wannan abin kunya Turawa suka matsa a kan rumbunan ajiya na dole: kowane gida ya zuba hatsi, a rufe, ba a buɗewa sai da izinin hukuma. A takarda dabara ce mai kyau. Amma tsofaffi ba sa tuna ta da alheri, don hatsinka ne, kana kallon rumbun, ɗanka na kuka, izinin buɗewa na hannun wanda bai san sunanka ba. Abin mamaki, yau a garuruwanmu akwai rumbun tsimi, wanda mutane ke zuba hatsi da kaka su ɗauka da damina, kuma inda aka riƙe amana ana son shi. Ginin iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke riƙe da makulli.

Daga Kunce zuwa El Buhari

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka ƙare a arewa. Taimako ya zo daga waje, aka yi ta ƙorafin ba ya isa ga masu yunwa, duk da an kafa OPVN, ofishin cimaka na ƙasa, tun 1970. Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma maganar yunwar na cikin manyan dalilan da suka bayar. Motocin soja suka shiga ƙauyuka da buhunan dawa. Tun daga ranar duk mai mulki a Yamai ya san ciyar da jama'a na iya zama maganar kujerarsa.

Shekara goma bayan nan aka sake. Damina ta 1984 ta lalace. Mu mutanen bakin iyaka, ran wuya ƙafarmu kudu take yi: cin rani a Katsina, Daura, Kano, a dawo da garin rogo da ƴan kuɗi. To a watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, a 1985 kuma ta kori baƙi marasa takardu. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986, bayan an hamɓarar da shi. Shi ya sa a ƙasar Maraɗi sunan wannan yunwa El Buhari. Rashin ruwa daga Allah ne, mutane ba su sa wa yunwar sunan fari ba. Sunan wanda ya rufe ƙofa suka sa mata.

Na tambayi Iya yadda suka yi a shekarar. Ta fara da abin da ake faɗa wa yara: yadda Bugaje da Fulanin da suka rasa garke suka sauko, matansu na bi gida-gida suna daka don a ba su dusa, yadda ta riƙe wata da ɗanta wata biyu a ɗakin girki. Ta ce ciyayya ta ci gaba har wajen tsakiyar rani, sannan akushi ya fara raguwa, yau biyar, gobe uku, har ran da maza suka fito suka zauna ba wanda ya kawo komai, suka yi hira suka tashi. Daga ranar ba a sake fitowa ba.

Sai ta yi shiru. Can ta ce, "Kai yaro, tunda rubutawa za ka yi, rubuta har wannan."

Ta ce tana da tiya bakwai na hatsin gamanarta da ta ɓoye a tulu, ta binne a ƙarƙashin gado. Ko kakana bai sani ba. Ƴaƴanta huɗu, babana ne na biyu. In dare ya raba, sai ta ɗebi ɗan kaɗan, ta shimfiɗa tsumma ƙarƙashin turmi don kada ya yi ƙara, ta daka a hankali, ta dama kunu, ta ta da yara ɗaya-ɗaya ta ba su, ta ce kada su faɗa wa kowa. Tsakaninta da maƙwabciyarta darni ne kawai na kara. Ita maƙwabciyar, wadda muka taso muna ce wa Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba, ƴaƴanta uku. Kafin damina ƙyanda ta shigo gari, ta tarar da yara ba ƙarfi. Ƙaramar ƴar Gwaggo na cikin waɗanda ta ɗauka.

"Ban ce kununa zai tashe ta ba," in ji Iya. "Amma ban miƙa ba. Ludayi ɗaya ban miƙa ba."

Shekarar da aka kai ni likita

An haife ni a 2004. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Giɓin hatsi na ƙasa bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake buƙata ba, wato ba irin na 1984 ba ne. Amma farashi ya haukace. Buhun da ake saye jikka 10 da ƴan kai lokacin kaka ya haura jikka 25 da daminar 2005, dabba kuma ta faɗi warwas. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum wajen miliyan 3 da rabi na cikin matsi. Hatsi na nan jibge a kasuwar Maraɗi, yara na mutuwa a ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya riga ya bayyana wannan tun 1981: sau da yawa abinci na nan, ikon sayensa ne ke kuɓuce wa talaka.

Da farko gwamnati ta tsaya a kan sayar da hatsi da rangwame, wai rabon kyauta zai ɓata kasuwa. Wanda ba shi da ko dala, me rangwame zai yi masa? Sai da BBC ta nuna hotunan yaran Maraɗi a watan Yuli duniya ta motsa, aka fara rabo. A watan Agusta shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa a Nijar. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Abin da ya taimaka shi ne ɗan ƙunshin nan da iyayenmu ke ce wa biskit, Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, uwa na iya ba ɗanta a gida.

A shekarar ne kuma aka ga inda tsohon tsarinmu ya ruɓe. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, mata da yawa ba su da gamana kuma. Amma al'adar rufe rumbu ba ta mutu ba: sai maigida ya rufe ya tafi cin rani, ya bar mace da yara ba hatsin da a da ke riƙe su. Mai hali ya ba ka buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka, ko ya riƙe gonarka jingina. Talaka ya tafi ƙwadago gonar wani don tiyar yau, tasa gonar ciyawa ta cinye, baɗi ya fi bana talauci.

Ni ina da wata goma sha ɗaya. Babana na Najeriya, ba labari. Gudawa ta kama ni, ƙafafuna suka kumbura, gashina ya yi ja. Innata ta ƙi fita da ni, don a lokacin in aka ce ɗanki na da tamowa kamar an zage ki ne, an ce ba ki iya reno ba. Kuma ko ta yarda, ba kuɗin mota zuwa inda ake kwantar da yara.

Gwaggo ce ta shigo ta ɗaga zanen da aka rufe ni da shi, ta duba, ta fita ba ta ce komai ba. Tana da akuya ɗaya da ta samu ta hanyar asusun mata. Ran kasuwa ta ja ta ta sayar a farashin banza na shekarar, ta kawo kuɗin ta ɗaure wa innata a bakin zane, ta nemo amalanke ta raka mu har bakin hanya. Kwana ashirin muka yi a likita. Duk kwanakin nan, in ji Iya, bayan isha'i sai ta ga an turo ƙwarya ta ƙarƙashin darni, wani lokaci tafasa da dusa, wani lokaci ɗan kunu, don yayyena biyu.

Iya ta ce a dare na uku ta kasa daurewa. Ta je bakin darnin ta kira ta, ta ce, "Akwai abin da na yi miki shekarar El Buhari." Gwaggo ta ce, "Dakan dare? Ai ina ji. Tsumma ba ya hana turmi magana." Iya ta ce, "Kika yi shiru shekara ashirin?" Ta ce, "Me zan ce? Ɗiyanki huɗu, tiyarki ba ta kai goma ba. Na yi fushi, na daɗe ina yi. Amma wannan jaririn ba shi ya daka ba. Karɓi ƙwaryar, hannuna ya gaji."

Abin da na fahimta

Na daɗe ina tambayar kaina wa ya cece ni, bayan Allah. Ba don biskit da likitocin ba, da akuyar Gwaggo ta tafi a banza. Ba don akuyar ba, da biskit na can a kwali ni ina nan ƙarƙashin zane. Tausayin nesa da na kusa kowanne na buƙatar ɗan uwansa. Amma na nesa sai da kyamara ta zo ya farka, na kusa kuwa ɗaga zane kawai ya yi.

Ita kanta akuyar tana da tarihi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a ƙasar Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, wanda aka ɗora a kan adashen da matanmu suka sani tun da. Mata su taru duk mako, kowa ta zuba ɗan abin da take iyawa a akwati, a ba mai buƙata rance, a ware wani abu don ciwo ko rasuwa. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma daga jiharmu ya tashi. Haka sassabin zamani: bayan yunwar 1984 manoman Maraɗi, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma barin kututturan itace su tofo a gona maimakon a sare. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan eka miliyoyi a kudancin Nijar. Wanda ya bar gawo a gonarsa, akuyar maƙwabci ma za ta ci ƴaƴansa. Wato bayan kowace yunwa mutanenmu sun zauna sun sake ɗaure tausayi da sabuwar igiya, tunda tsohuwar ta tsinke.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa igiyar ta isa. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga ƙasar Kance suke, nan gabas da mu, inda muke cin kasuwa ɗaya muna auratayya. Da yawa cikin matan da ke bin wannan hanya sadaka suke zuwa nema a titunan Aljeriya. Mace ba ta ɗaukar ƴaƴanta ta ratsa Sahara neman tausayin baƙo sai ƙwaryar da ake turowa ta ƙarƙashin darni ta daina zuwa, ko ta yi kaɗan.

Wani Bature, Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi a 1974 a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma, cikinsu akwai gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Abin da littattafan filo ke kira humanisme, wato a ɗauki mutum da daraja don shi mutum ne kawai, mu mutunci muke ce masa, kuma kalmar tana aiki ta fuska biyu: ka riƙe naka, ka tsare na wani. Shi ya sa ake ciyayya a duhu. Shi ya sa Gwaggo ta ƙarƙashin darni take turo ƙwarya, ba ta ƙofar gida ba. Mu da muka taso da waya a hannu, muna ɗaukar hoton wanda muka ba sadaka mu sa a Facebook, ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani.

Nawa dakan daren

Na ce akwai abin da ya shafe ni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta sake rufe iyaka, har zuwa Maris 2024. Tsofaffin garinmu suka ce El Buhari ta dawo. Kaya suka yi tsada. Ina ajin ƙarshe na lise a Tasawa, mu uku a ɗakin haya. Ɗayanmu daga wajen Mayahi yake, maraya ne, kawunsa ke aiko masa da ɗan abu, sai aiken ya tsaya. Innata ta aiko mini garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari. Na sa a ƙasan akwati, na rufe da littattafai. In ya fita karatu ƙarƙashin fitilar titi, sai in jiƙa in sha da sauri, in wanke kofi. Na ce wa kaina ba zai ishe mu mu biyu ba, kuma gaskiya ne, ba zai isa ba. Kafin jarrabawar bak ya tattara kayansa ya tafi arewa neman kuɗi. Ya fi ni ƙoƙari a lissafi nesa ba kusa ba.

Ban ce garina zai riƙe shi a lakwal ba. Amma da Iya ta gama ba ni labarin turmi da tsumma, sai na ji kamar ni take nunawa da yatsa, alhali ba ta san komai ba. Kuma na tabbata shi ma yana ji. Ɗaki ɗaya ne, ƙamshin ƙuli-ƙuli ba ya ɓuya.

Shi ya sa ban yarda mu tsaya ga cewa mu zama masu tausayi ba. Iya mai tausayi ce, ta riƙe baƙuwa wata biyu, ta kuma yi dakan dare. Ni ma ina jin ni ba mugu ba ne. Ran matsi zuciya lissafi take yi, kuma lissafin kullum a kanka yake ƙarewa. Maganinsa shi ne abin da kakanninmu suka yi: a yanke shawara tun ana ƙoshe, a mai da ita ƙa'idar kowa, yadda ran wuya ba sai ka yi gardama da zuciyarka ba.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu, abu uku. Na ɗaya, mu da ke zaman haya mu maido da ciyayya ko da sau biyu a mako: kowane ɗaki ya fito da abin da ya dafa, a haɗa, ba a tambayar wa ya kawo me. Na biyu, mu buɗe asusu, dala ashirin duk mako ga mai iyawa, makulli a hannun mutum uku da muka zaɓa, don ɗalibin da aike ya yanke masa ko ciwo ya kama, kuma ba a karanta sunan wanda aka ba a taro. Na uku, hutu mai zuwa kowa ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidansu ya tambaye su shekarar El Buhari ko 2005. Kada ku tsaya ga me kuka ci. Ku tambaya wa ya ba ku, kuma wa kuka hana. Ku rubuta, mu haɗa a littafi na gaba.

Gwaggo ta rasu bara da sanyi, Allah ya jiƙanta. Kabarinta na maƙabartar garinmu, ba alama, damina biyu ta shafe tudun. Na rubuta cikakken sunanta a shafin farko na kayen da nake wannan bincike, da na mahaifinta, da shekarar da ta sayar da akuyar. Abokina kuma na samu lambarsa wajen wani ɗan garinsu. Sau biyu ina dannawa ina kashewa. In Allah ya kai mu Juma'a zan kira shi.

Wassalam.